Kuɗin wuta: kafin a garzaya kotu, a fara bi ta NERC

A ranar 3 ga Afrilun 2024 hukumar NERC, mai kula da harkar lantarki a Najeriya, ta ɗaga farashin wuta ga 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alƙawarin wutar aƙalla sa'o'i 20 a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit. Masu masana'antu suka ji a jikinsu, ƙungiyarsu ta MAN ta kai ƙara Babbar Kotun Tarayya da ke Legas. A watan Oktoban shekarar kotu ta kori ƙarar ba tare da ta duba ko farashin ya dace ko bai dace ba. Dalilinta shi ne an riga malam masallaci: ƙungiyar ba ta bi hanyar da sashe na 51 na Dokar Lantarki ta 2023 ya shimfiɗa ba, wato a fara neman hukumar ta sake duba hukuncinta.

Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin kotu ta goyi bayan ƙarin. Ba haka ba ne. Idan majalisa ta kafa hukuma ta kuma tanadi hanyar kai mata koke, alƙali ba ya da hurumin sauraron wanda ya tsallake hanyar. Lauyan hukuma zai miƙe tun ranar farko ya ƙalubalanci hurumin kotu, shi ke nan, watanni da kuɗin lauya sun tafi a banza, bil kuma na ci gaba da zuwa.

Ina ganin ƙa'idar tana da ma'ana. Farashin wuta lissafi ne da ake ginawa kan canjin dala, hauhawar farashi, kuɗin iskar gas da yawan wutar da aka samar. Wanda ke cewa an zalunce shi dole ya nuna inda lissafin ya karkace, kuma wurin da ya fi dacewa ya fara yin haka shi ne gaban waɗanda suka yi lissafin. Amsar da suka bayar a rubuce ita ce makaminsa idan ya isa kotu.

Inda aka fi kuskure shi ne haɗa koke iri biyu. Mai ƙalubalantar umarnin farashin kansa, hukumar zai rubuta wa kai tsaye, ya ambaci umarnin da ranarsa, ya jera hujjojinsa, kuma kada ya ɓata lokaci. Amma mai injin niƙa ko gidan ƙanƙara a Kano da ake caja kuɗin Band A alhali ba ya samun sa'o'i 20 a rana, nasa koken na kwastoma ne. Zai fara da sashen koke na kamfanin da ke ba shi wuta, a rubuce, ya karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata. Kamfani na da ranakun aiki 15 don ya warware koken. In an yi shiru ko amsar ba ta gamsar ba, sai ofishin sauraron koke na NERC, wanda ake kira Forum, daga nan sai hukumar kanta. A jihohin da suka karɓi ragamar lantarkinsu, kamar Enugu, hukumar jihar ake nufa.

Abin da ke kayar da mutane shi ne rashin takarda. Kiran waya ba shaida ba ne. A ajiye littafi kusa da mita, a riƙa rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke, kullum, a haɗa da rasit da lambar mita da sunan layin. Band B sa'o'i 16 ne, Band C 12. Littafin nan ne zai nuna rukunin da ya kamata a saka mutum.

Sai dai akwai abin da ke damuna. NERC ce ta yanke farashi, ita ce kuma za ta duba ko ta yi kuskure, kuma yayin da ake jira mai masana'anta yana biya ko a yanke masa wuta. Tunda kotu ta mayar da mutane ƙofarta, wajibi ne hukumar ta riƙa yanke hukunci da wuri, a rubuce, da dalilai, ta kuma wallafa shi kowa ya gani. Idan ta karɓi koke ta danne, wannan shirun ma abin kai wa alƙali ne, muddin mai koken yana riƙe da kwafinsa mai hatimi.