Ƙara Daban, Ƙarfi Daban

Akwai wani mai gareji a garin nan da ya mayar da lalata salansar manyan babura sana'a. Duk wanda ya kai masa Harley-Davidson ko Yamaha V Star, sai ya zare abin da ke rage ƙara a cikin bututun, ya karɓi kuɗinsa, sannan ya rantse masa cewa inji ya ƙara ƙarfi. Ba zan kama suna ba, domin mai abin ya san kansa, yaransa ma sun sani.

Irin waɗannan babura masu silinda biyu an ƙera su ne domin su ja da nauyi tun inji bai ɗauki juyi sosai ba, kuma a nan ne gajerun bututu buɗaɗɗu suke cutar da su, domin amfaninsu a filin tsere yake, inda ake riƙe totur har ƙarshe. A kan titi kuwa, mai babur zai ji jan ya mutu a daidai lokacin da yake son wuce tirela. Salansar da ke haɗa bututu biyu su zama ɗaya ta fi dacewa da mafi yawan mahaya, saboda hayaƙin silinda ɗaya yana janyo na ɗayar waje.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne barin saitin fetur yadda yake. Idan aka buɗe hanyar hayaƙi da matatar iska, wajibi ne a canza jet ɗin kafireta, wato 'yar kafar da fetur ke bi, ko a sake saita kwamfutar inji idan mai injekta ne. In ba haka ba, iska za ta rinjayi mai, inji ya ɗauki zafi, bututu ya yi shuɗi, ya riƙa harbi idan an saki totur, alhali a yawancin irin waɗannan babura iska ce ke sanyaya shi, ga zafin Afrilu, ga cunkoso. Ganga idan ta cika zaƙi ta kusa fashewa. Saitin ma ba abin wasa ba ne, tunda a 2016 hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa Harley-Davidson biyan tarar dala miliyan 12 a kan na'urorin saiti da suka ƙara gurɓataccen hayaƙi.

Idan mutumin yana musu, ya kawo babur ɗaya da ya taɓa, in kawo irinsa da aka saita, kowa ya ɗauki goyo, mu hau tudu a gaban masu babura.