Masu cewa a kafa tashar kwal a Kano, ku zo mu yi lissafi

Duk sanda wuta ta yi wuya a Sharaɗa da Bompai, sai ka ji ana cewa, "Ga kwal jibge a Maiganga ta Gombe, ga na Kogi, me ya hana a kafa tashar lantarki?" Jama'a, kwal ba gawayin suya ba ne.

Tashar kwal tukunya ce ƙatuwa. Ana niƙe kwal ya yi laushi kamar hoda, a hura shi cikin murhu ya tafasa ruwa, tururin ya juya injin. Kusan kashi biyu cikin uku na zafin a banza yake tafiya. Shi ya sa tashar megawat 100 kacal ke cinye wajen tan 1,000 kullum, tirela sama da 30 ke nan suna dakan titi. Ruwan da take ƙonewa wajen sanyaya tururi kuwa ya kusa lita miliyan 5 a rana. Daga ina za a ɗebo shi? Daga kogunan da matatun ruwa na Tamburawa da Challawa ke ja, a garin da 'yan garuwa ke shayar da unguwanni.

Hayaƙi kowa ya sani. Farar wutar da ke cikin kwal tana fita ta bututu ta sarƙe ƙirji, ka haɗa ta da hazon hunturu, ka tuna masu asma. Akwai na'urar wanke hayaƙi da ruwan farar ƙasa, amma tsada gare ta, ita ake fara yankewa idan kuɗi ya gaza. Tashar kwal ta Medupi a Afirka ta Kudu ta fara aiki a 2015, aka yi shekaru ba a saka mata ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali toka ce. Ko kashi 10 cikin 100 ne toka, tan 100 ke nan kullum, ɗauke da darma da zaiba da asenik. Matatar ƙura tana kama sama da kashi 99 idan lafiyarta ƙalau, amma jaka ɗaya cikin jakunkunan tacewarta ta yage, sai ka shafa mayafi a kan igiyar shanya ka ga yatsanka ya yi fari. Wadda aka kama ma ai sai an zubar. Kamfanin siminti zai sayi wata, ragowar rami za ta. Idan ba a shimfiɗa wa ramin yumɓu da roba mai kauri ba, damina ɗaya ta isa ruwan ya tsiyaya cikin rijiyoyi. A 2008 madatsar toka ta ɓalle a Kingston ta Amurka, ta malale gidaje da kogi. Mu da har yau ruwan majema ke kwarara Challawa, wa zai tsare mana ramin toka?

Idan dole ne, a yi yadda kamfanin kwal na Nijar, SONICHAR, ya yi kusa da Agadez: tasha a bakin mahaƙa, wuta ta biyo waya zuwa tashar rarraba wuta ta Kumbotso. Sai dai mutanen Maiganga ma huhu gare su, kuma rijiya suke sha.