A Texas jiha 'yar aike ce, a gida ita ce mai kuɗin

Wata sanarwa na gani a liƙe a ƙofar ofishin magajin ɗan garin da nake zaune a Texas, ana kiran jama'a taron jin ra'ayi saboda hukumar garin za ta nemi tallafin canja tsofaffin bututan ruwa. Na je ganin ƙwaƙwaf. Duka-duka ba mu kai goma ba, har da wata tsohuwa da ta zo da ruwan famfonta a kwalba, jawur kamar shayi, ta dangwarar a kan tebur.

Kuɗin na gwamnatin tarayyar Amurka ne, shirin tallafin raya al'umma mai suna CDBG da aka kafa a 1974 zamanin Shugaba Gerald Ford, a ƙarƙashin ma'aikatar gidaje, HUD. Kashi 70 cikin 100 yana zuwa kai tsaye ga manyan gundumomi da birane, galibi masu mutum 50,000 zuwa sama. Sauran 30 na ƙananan garuruwa ne irin namu, kuma tun gyaran dokar 1981 aka ba jihohi damar raba shi. A Texas ma'aikatar noma ce ke riƙe da shi.

Ina jin an ce "ta hannun jiha" sai gabana ya faɗi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mu da muka taso a Najeriya da asusun haɗin gwiwar jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanada, mun san yadda kason ƙaramar hukuma ke shiga babban birnin jiha da ƙiba, ya fito daidai albashi. Sai da Kotun Ƙoli ta tsawatar a ranar 11 ga Yuli 2024, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kai tsaye.

Na yi murna da hukuncin, amma zaman nan ya sa na daina ɗora laifin duka kan hanyar da kuɗi ke bi. Nan ma ta jihar yake bi, sai dai an ɗaure mata hannu. Ladan aikinta a rubuce yake: dala 100,000 da abin da bai wuce kashi 3 cikin 100 ba, kuma abin da ta ɗiba na gudanarwa sama da 100,000 ɗin sai ta zuba daidai da shi daga aljihunta. Dole ta wallafa yadda za ta yi rabon kafin ta yi, dole aƙalla kashi 70 ya amfani masu ƙaramin ƙarfi, gari kuma ba ya nema sai ya saurari mutanensa. Ciyaman da aka tura wa kuɗi kai tsaye ba tare da irin wannan takunkumi ba, ƙaramin gwamna kawai muka samu.

Tsarin nasu ma yana da ciwonsa. Gasa ce, takardun kuma sun yi yawa: binciken muhalli, ƙidayar samun magidanta, dokar ladan leburori. Garin da ke da akawu ɗaya tal sai ya ɗauko ƙwararre daga waje ya cike masa, wanda ya fi talauci kuwa wani lokaci ko nema ba ya yi.

Tsohuwar nan dai sai da akawu ta rubuta ƙorafinta cikin bayanin taro kafin ta ɗauke kwalbarta.