Adon harshe ba ƙarya ba ne, ku bar yarinyar nan ta yi rubutu

Ku ji abin da aka yi wa wata yarinya da ta wallafa waƙarta, a sharhin da aka yi a ƙarƙashin waƙar. Layi ɗaya aka tsinto, inda ta ce dare ya lulluɓe ta da mayafin baƙin ciki, sai wani babba da shi ya zo yana tambayar yaushe dare ya yi hannu, wai marubutan yanzu ƙarya kawai suka iya. Aka yi ta biye masa har ta goge rubutun. Abin ya ƙona min rai ƙwarai.

Malam, kai da bakinka kana cewa barci ya ɗauke ka, zazzaɓi ya kama ka, yunwa za ta kashe ka. Barci hannu gare shi? Abin da ta yi ke nan, sunansa mutuntarwa: a ba abin da ba mutum ba aiki ko halin mutum. Da aka ce maka in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, ai ba ka taɓa tashi neman buta ba. Ka gane nufin. To, don me sai a waƙarta ganewa ta gagare ka?

Ƙarya ita ce ka faɗi abu don mai sauraro ya ɗauka haka yake alhali ba haka ba ne. A adon harshe kuwa, da mai faɗa da mai ji duk sun san dare ba shi da mayafi. Ba wanda aka yaudara. Abin da ake so shi ne ka ji nauyin da ta ji, kuma “ina baƙin ciki” ba zai kai ka can ba. Haka kambamawa take: wanda ya ce ya yi shekara yana jiranka a bakin ƙofa bai nemi ka duba kalanda ba.

Kuma ba yau aka fara ba. Malaman balaga, wato ilimin fasahar magana a Larabci, sun ware fanni guda, ilimin bayani, don tashbihi (kamantawa) da isti'ara (siffantawa, wato kiran abu da sunan wani ba tare da “kamar” ba) da kinaya (nuni da abu a kaikaice). Abdulƙahir al-Jurjani, wanda ya rasu wajajen 1078, da ilimin balaga ya yi wa mutane bayanin gagarar Alƙur'ani. A 1980 kuma masana George Lakoff da Mark Johnson suka nuna cewa siffantawa ba ta mawaƙa kaɗai ba ce, da ita kowa yake tunani. Shi ya sa muke cewa lokaci ya ƙure, magana ta yi nauyi, zuciya ta yi sanyi.

Na san za a ce ai wasu suna cika shi, sakin layi ɗaya kamantawa biyar, kowace jaruma idonta kamar madara. Na ji. Wannan rashin ƙwarewa ne, kuma gyara ake yi masa. Masana ma sun ba mu ma'auni: a kowace kamantawa nemi fuskar kamar, wato abin da ya haɗa biyun. Dare yana rufe komai, mayafi yana rufe jiki, baƙin ciki yana rufe zuciya. Nata ya zauna daram. Da wannan aka auna mata, da ta ƙaru, mu ma mun ƙaru. Amma ba gyara aka zo yi ba, kunyata ta aka zo yi.

Ƙanwata, in kina karanta wannan, don Allah ki mayar da waƙar.

Wani abin da ke damuna ma shi ne yadda ake koyar da darasin nan. Ɗalibi zai haddace kamantawa da siffantawa da alamtarwa (sa wani abu ya zama alamar wani), ya zuba a jarrabawa ya ci, amma ba a taɓa ce masa ya ɗauki biro ya ƙirƙiri tasa ba. Malaman adabi da ke nan, me ya hana a riƙa ba yara wannan aikin a aji?