Wa ke riƙe da bakin wayar? Tarihin tangarahon daular Ingila

Ranar Lahadi 10 ga Mayun 1857 sojojin Indiya da ke aiki ƙarƙashin Turawan Ingila suka yi bore a barikin Meerut, washegari suka shiga Delhi. A gidan waya na birnin akwai samari biyu masu buga tangaraho, Brendish da Pilkington. Shugabansu ya fita tun da safe ya duba inda wayar Meerut ta yanke, bai dawo ba. Kafin su tsere da rayukansu, samarin suka buga wa garin Ambala cewa sojoji sun shigo suna ƙone gidajen Turawa. Daga Ambala labari ya wuce Lahore. Ranar 13 ga wata aka kira sojojin Indiya na barikin Mian Mir, kusa da Lahore, fareti, suka iske bakin igwa na kallonsu, aka karɓe musu bindigogi. Da haka Turawa suka riƙe lardin Punjab, kuma daga can suka haɗa rundunar da ta ƙwato Delhi. Landan kuwa, da yake babu wayar da ta haɗa ta da Indiya, ba ta ji abin da ake ciki ba sai ƙarshen watan Yuni.

Abin da ya faru a makonnin nan shi ya tsara manufar Ingila ta shekara hamsin da suka biyo baya. Ta ga wayar cikin gida ta cece ta a kwana uku, ta kuma ga rashin wayar teku ya bar ta cikin duhu fiye da wata guda. Ra'ayina a nan shi ne, duk mai son fahimtar tangarahon daula kada ya tsaya ga saurinsa. Ya dubi inda wayar ta nufa da kuma hannun da ke riƙe da bakinta, domin a nan ne ikon yake.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Wayar farko da aka shimfiɗa ƙarƙashin tekun Atlantika a 1858 ta ɗauki kimanin awa 16 kafin ta isar da gaisuwar Sarauniya Victoria mai kalma 98 ga Shugaba Buchanan na Amurka, bayan mako uku kuma ta mutu. Wadda aka bi da ita ta Bahar Maliya a 1859 don a kai Indiya ita ma ta lalace, gwamnatin Ingila ta yi shekaru da dama tana biyan masu hannun jari ribar da ta yi musu alkawari. Amma ba ta fasa ba. A 1866 babban jirgin ruwan nan Great Eastern ya shimfiɗa wayar Atlantika da ta ɗore. A watan Yunin 1870 kuma kamfanonin attajiri John Pender suka kammala layin da ya tashi daga Porthcurno, wani ɗan lungun gaɓa a kudu maso yammacin Ingila, ya bi ta Jibralta, Malta, Iskandariyya, Suwais da Adan, ya sauka a Bombay. A 1872 aka ratsa hamadar Ostareliya da waya mai tsawon kusan kilomita 3,200, daga Darwin zuwa Port Augusta.

Yana da kyau a dubi wayar kanta. A tsakiya zaren tagulla ne, an lulluɓe shi da ƙaron wata bishiya da ke fitowa a dazukan Malaya da Borneo, sannan aka naɗe da igiyoyin ƙarfe. Ƙaron nan shi aka fi dogara da shi a lokacin wajen hana ruwan gishiri taɓa tagullar, kuma ba a samunsa da yawa sai an sare bishiyar, shi ya sa aka yi wa dazukan ƙarƙaf. Wutar da ke isowa ɗaya bakin ba ta da ƙarfin motsa komai, saboda haka a shekarun farko ma'aikaci kan zauna a ɗaki mai duhu yana kallon ɗigon haske da wani ɗan madubi ke jefawa, in ya karkata hagu ko dama ya faɗa, na kusa da shi ya rubuta. A kowace tasha sai an karɓi saƙon da hannu a sake buga shi gaba. Ma'anar wannan ita ce, duk saƙon da ya ratsa Adan ko Malta, idon ma'aikacin kamfanin Ingila ya gan shi, ko na ɗan kasuwar Faransa ne, ko na jakadan Jamus.

Wajen 1892 kimanin kashi biyu cikin uku na wayoyin ƙarƙashin teku na duniya a hannun kamfanonin Ingila suke. Duk da haka hankalin mahukuntanta bai kwanta ba, domin wasu layukan sukan sauka a ƙasar da ba tasu ba. Abin da suke so shi ne layin da zai zagaye duniya ba tare da ya taɓa ko taku ɗaya na ƙasar wani ba, sai dai wuraren da ake shafa wa jan launi a taswirar daula. Injiniyan Kanada Sandford Fleming ya yi shekaru yana wannan fafutuka, har aka cika ta a ƙarshen Oktoban 1902 da wayar tekun Fasifik: daga Bamfield a Kanada zuwa tsibirin Fanning, zuwa Fiji, zuwa tsibirin Norfolk, sannan ta rabu biyu, reshe ɗaya Ostareliya, ɗaya Niyu Zilan. Tsibirin Fanning ma saboda wayar aka mallake shi tun 1888. A 1911 kwamitin tsaron daula ya lissafa cewa sai abokin gaba ya yanke waya 49 kafin ya raba Ingila da duniya.

Sauran manyan ƙasashe sun ɗanɗana kuɗarsu. A rikicin Fashoda na 1898, a bakin kogin Nilu, hafsan Faransa Marchand ba shi da hanyar gaggawa ta isar da magana Faris sai ta wayar abokan takararsa Turawan Ingila. Da yaƙin Afirka ta Kudu ya ɓarke a 1899, Ingila ta zaunar da masu tace saƙo a Adan, ta hana wucewar saƙon da aka rubuta da kalmomin sirri. Wannan na cikin dalilan da suka sa Faransa ta shimfiɗa tata wayar daga Brest zuwa Dakar a 1905. Ranar 5 ga Agustan 1914, yaƙin duniya na farko bai yi kwana ɗaya da farawa tsakanin Ingila da Jamus ba, jirgin Ingila ya ƙwaƙulo wayoyin Jamus biyar daga ƙasan teku ya datse. Cikin watan ne kuma sojojin Ingila da Faransa suka nufi Kamina a Togo, inda Jamus ta gina babbar tashar rediyo, har Jamusawan suka rushe ta da hannunsu.

Mu ma wayar ta zo mana ne a bayan soja. Ta teku ta iso Legas a 1886, bayan ta ratsa Bathurst (Banjul ta yau), Freetown da Akara. Kafin Gwamna Lugga ya ɗaga tuta a Lakwaja ranar 1 ga Janairun 1900, an riga an ja waya daga Legas zuwa Jabba da Lakwaja saboda rundunar da ya kafa. Daular Usmaniyya tana da nata tsarin sadarwa mai kyau, wasiƙu da hatimi, manzanni a kan dawaki, gidan Waziri yana kula da abin da ke shiga da fita tsakanin Sakkwato da sarakuna. Sai dai doki yana gajiya, yana kwana a hanya. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, aka yi shahadar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli. Ba zan ce waya ce ta ci yaƙin ba, bindiga mai ruwa ce ta yi wannan aikin. Amma tsirarun Turawa ba za su iya riƙe ƙasa mai wannan faɗi ba in da Zungeru, hedikwatarsu a Arewa, ba ta jin motsin larduna da wuri, shi ya sa kafa turakun waya zuwa Zariya, Kano da sauran manyan garuruwa ya shiga sahun ayyukan farko.

Akwai masu cewa, to ai duk da haka talakawan daula sun amfana. Gaskiya ne, kuma ba na raina wannan hujja. Jaridun Indiya da 'yan gwagwarmayarta sun yi amfani da wayar wajen haɗa kai, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 fataken gyaɗa sun riƙa jin yadda kasuwar Liverpool ta kwana, iyalai da yawa kuma ta gidan waya suka ji rasuwa ko haihuwa. Amma a dubi farashi: a 1866 saƙon kalma 20 zuwa Amurka fam 20 ne, kuɗin da lebura a Ingila kansa sai ya yi watanni bai tara ba. A dubi kuma alƙibla. Layukan ƙasashen Ingila Landan suka fuskanta, na ƙasashen Faransa kuma Dakar da Faris. Kano da Damagaram, waɗanda ayari ya haɗa shekaru aru-aru, kowacce aka juya mata fuska wani gefen. Har bayan samun 'yanci, mai kiran waya daga Legas zuwa wata ƙasa maƙwabciya da Faransa ta raina sau da yawa sai muryarsa ta je Turai ta dawo.

Abin da ke damuna shi ne taswirar ba ta canza sosai ba. Fiye da kashi 95 cikin 100 na bayanan intanet da ke ƙetare nahiyoyi a yau ta wayoyin ƙarƙashin teku suke bi, da yawansu kuma ta tsofaffin mashigan nan, Bahar Maliya da Masar da gaɓar Afirka ta Yamma. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a tekun da ke daura da Kodebuwa. Daga Laberiya zuwa Gana zuwa Najeriya intanet ya yi rauni, mutane suka tsaya a gaban masu POS kuɗi ya ƙi fita, aka yi makonni ana jiran jiragen gyara. Sababbin manyan layukan ma, Equiano da ya sauka Legas a 2022 na Google ne, 2Africa kuma Meta ce kan gaba a cikin masu shi. Ba na zargin kamfanonin nan da mugun nufi, kuma zuwansu ya sauƙaƙa farashi. Amma wanda ya hau dokin aro, ranar da mai shi ya so zai sauke shi.

Ga mu mutanen tudu matsalar ninki biyu ce. Kusan dukkan wayoyin Najeriya a Legas suke sauka, sai reshen 2Africa da ya sauka a Akwa Ibom, kafin su iso Sakkwato ko Maiduguri kuma masu aikin titi sun datse su ba adadi. Nijar ba ta da teku ko kaɗan, ta ƙasar maƙwabta take sha. Saboda haka layin da ake ja ta cikin Sahara don haɗa Aljeriya, Nijar, Chadi da Najeriya ya fi cancantar surutun 'yan majalisunmu fiye da bikin saukar kowace sabuwar wayar teku. In ya kammala yadda aka tsara, Kano da Zinder da Agadas za su samu ƙofa ta biyu ta Bahar Rum. Ya kamata gwamnonin Arewa su rage harajin haƙa ramin waya a jihohinsu, su tilasta wa 'yan kwangilar titi biyan diyyar duk wayar da suka yanke, sannan a ƙarfafa cibiyoyin musayar bayanai na cikin gida, yadda saƙon ɗan kasuwar Kantin Kwari zuwa abokin cinikinsa na Maraɗi zai bi ta Jibiya kai tsaye.