Watan Agusta Ne Ke Gwada Ƙungiyoyinmu

'Yan'uwana matasa da ke cikin kwamitocin masallatai da rundunonin agaji a Gombe, assalamu alaikum. Babu mai musun ƙoƙarinmu a watan azumi, domin daga Pantami har Jekadafari da wuya a sami masallacin da ba a jera kunu da ƙosai da dabino a ƙofarsa kafin kiran magariba. Abin da ke damuna shi ne, da zarar an sauko daga Idi sai mu kife tukwane sai baɗi, alhali yunwa a ƙasarmu rumbu take bi. A watannin Yuli da Agusta tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, kwanon masara yana kan tsadarsa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya ƙara wa kowane buhu nauyi. A daidai wannan lokaci ne zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, ruwan sha ke gurɓata, zaizayar kwari kuma ke cin gidajen mutane.

A daminar bara na raka wani maƙwabcina da ɗansa asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta ɗauko wata 'yar igiyar awo mai launi uku ta naɗa a damtsen yaron, sai awon ya tsaya a kan ja, wato bai kai santimita 11.5 ba, wanda shi ne alamar tamowa mai tsanani. Gashin kansa ya yi ja ya kwanta, ko kuka ba ya iya yi da ƙarfi. Mahaifinsa kullum yana sahun farko, kuma a wannan watan ne muka gama tara kuɗin tayil da sabuwar lasifika, amma babu ko ɗaya daga cikinmu da ya tambaye shi ko ana ɗora tukunya a gidansa. Ni kaina ban tambaya ba, kuma har yau abin yana ci mini rai duk lokacin da na tuna faɗin Manzon Allah (SAW) cewa ba mumini ba ne wanda zai ƙoshi alhali maƙwabcinsa na gefensa yana cikin yunwa.

Addini bai bar mu da lalube ba a wannan fanni. Zakkar amfanin gona tana wajaba idan hatsi ya kai wusuƙi 5, wato sa'i 300, kuma ana fitar da ɗaya bisa goma daga abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka daga abin da aka shayar da wahala, kamar masu noman rani da injin ban ruwa a Dadin Kowa. Manoma da yawa suna fitarwa, sai dai a kaka ake yi, lokacin da kowa ke da abin kai wa baka. Bayan an miƙa zakka ga masu haƙƙi, me zai hana kwamitin masallaci ya buɗe rumbun sadaka, kowane mai hali ya zuba kwano biyu ko uku ana cikin araha, a zuba a buhunan da ƙwari ba sa shiga, a rufe sai Agusta? Sharaɗinsa shi ne amana. A sami littafin shiga da fita, a riƙa karanta shi a gaban jama'a, domin abin da ya kashe irin wannan yunƙuri a wurare da yawa shi ne zargi ba tare da lissafi ba.

Batun lafiya ma bai fi ƙarfinmu ba. Kowane masallaci zai iya ajiye sunayen samari masu lafiya da rukunin jininsu, yadda idan haihuwa ta zo wa mace da gardama da tsakar dare ba sai an yi ta roƙo a WhatsApp ba. Kwalarar da ta addabi maƙwabtanmu na Bauchi a 2021 ta isa ta sa malaman Islamiyya su koya wa ɗalibai mata haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana ba maras lafiya har a isa asibiti.

Duk wanda ya taso a Gombe ya san kwari, ya kuma ga gidan da aka wayi gari rabin katangarsa ta rufta. Ledar da muke watsarwa da sharar da muke juyewa a kwalbati su ne ke toshe wa ruwa hanya har ya nemi wata ta cikin ɗakunan mutane. Gwamnatin jiha ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na 3G (Gombe Goes Green) a 2019, amma dashe ba ya rayuwa da bikin ƙaddamarwa, yana buƙatar mai ba shi ruwa a bazara da mai kare shi daga awaki. Ruwan alwalar da ke kwarara a banza sau biyar a rana zai iya raya dogonyaro da mangwaro a harabar masallaci idan aka ja masa 'yar hanya, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga dashen Musulmi sadaka ce a gare shi. Ina kuma ganin babu dalilin da zai hana mu gayyaci matasan cocin unguwa ranar yashe magudanar ruwa, tun da kwata ɗaya ce ta ratsa ta ƙofar gidajenmu da nasu.

Ina roƙon kowane ɗayanku ya nemi minti goma a zaman kwamiti na wannan mako, ya gabatar da batun rumbun. Sunayen gidajen da ke cikin ƙunci kuwa, a bar su a hannun liman da dattijai biyu, a kai musu hatsin bayan sallar isha'i ba tare da ɗaukar hoto ba.