Ku bar yaron nan ya tafi, don Allah

Wai ya ci amanar ƙasa. Lallai! Tun jiya nake kallon abin da kuke zubawa a ƙarƙashin hoton yaron unguwarmu da ya samu aikin bincike na bayan doktora a Jamus, har da mai cewa Kamaru ta koyar da shi, Turawa za su ci moriya. To sannunku, masu kishin ƙasar Facebook. Lokacin da yake yawo da ambulan daga ofis zuwa ofis a ranar Garwa, kuna ina?

Ni tambayata ɗaya ce: me kuka ba shi a nan?

Koyarwar da ake biya da awa, kuɗin ma sai an ga dama? Wannan ce za ta riƙe mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa kan cututtukan shanu? A 2018 Shugaban Kamaru Paul Biya ya sanar da ɗaukar masu doktora 2000 a jami'o'in gwamnati cikin shekara uku. An ɗauka, madalla. Waɗanda sunansu bai fito ba fa, su ci takardar?

Kuma ku daina cewa ya koma makaranta. Aiki ne, da kwantiragi da albashi. Misali, shirin tallafin masu bincike na Georg Forster, na gidauniyar Humboldt ta Jamus, wata 6 zuwa 24 ne, ga wanda bai wuce shekara huɗu da gama doktora ba. Na Marie Curie a Turai shekara ɗaya zuwa biyu. Wato ƙofar tana rufewa, in ya tsaya jiran ku lokacinsa ya wuce.

Na sani, za ku ce muna da jami'a a Gaundare, da Marwa tun 2008, da ta Garwa da aka kafa a 2022. Muna da su, Alhamdulillahi. Gini daban, gurbin mai bincike daban. Nuna mini wanda aka kira aka ce ga ɗakin gwaji, ga albashin shekara biyu, zauna ka yi bincike kawai. Me kuka ba shi?

Wallahi ni ma abin yana mini ciwo. Ambaliyar Yagwa, tsutsar auduga, ciwon shanu a Adamawa, duk 'ya'yanmu ne ya kamata su zauna a kansu. Mahaifiyarsa ma ba son tafiyar take ba. Amma ba a ɗaure mutum da kunya alhali tukunyar gidansu ba ta hau wuta ba. Wai ba zai dawo ba? Ku tanadi abin da zai dawo ya tarar tukuna.

Af, ku kuma da kuka fara tura masa jerin saƙo, wannan iPhone, wancan agogo: ko bizar bai karɓo daga Yawunde ba. Mai ƙaunarsa da gaske ya shiga gwanjo ya nemo masa rigar sanyi mai kauri, don wadda na ga ya saya ko hunturun Gaundare ba za ta tare ba.